Karen Wane Ne?

A unguwarmu da ke Birnin Kebbi akwai wani baƙin kare da yara suka laƙaba wa suna Duna. Shekara biyar yana kwana a ƙofar wani gida mai jan get, kuma a tsawon waɗannan shekaru ba a taɓa haura katangar kowa a layin ba. Kowa ya san karen wane ne. In baƙo ya tambaya, sai a ce na gidan Alhaji ne. Masu shaguna sukan rufe su tafi gida hankali kwance. Mu ma da ba mu taɓa jefa masa ko ƙashi ba, mukan bar babura a tsakar gida mu yi barci da ƙarfin haushinsa.

Da damina ta ɗauke sai Duna ya fara tari, irin busasshen tarin nan da ke tashi in ya ɗan yi gudu. Ya rame har haƙarƙarinsa suka fito, cikinsa kuwa ya kumbura kamar an hura. Maigidan ya ga abin ba daɗin gani a ƙofar gida, sai ya ba wasu samari biyu kuɗin mai, suka cusa karen a buhu, suka ɗora a babur, suka kai shi can wajen fadamar Dukku suka yar. Bayan kwana biyu ya dawo da ƙafarsa, ya kwanta a inda ya saba kwanciya. Wannan karon da duwatsu aka tarbe shi. Wani mai wucewa ya tsaya ya tambaya karen wane ne ake jifa haka, aka ce masa ba na kowa ba ne, karen unguwa ne. Muna zaune a dakali muna ji, ba wanda ya ce uffan a cikinmu.

Wanda ya tashi wani dattijo ne da ke gadin wani kango a ƙarshen layin. Ya kore yaran, ya zuba ruwa a wata tsohuwar roba, ya ja karen zuwa inuwar kangon. Ɗaya daga cikinmu ya ce masa, "Baba, me za ka yi da wannan mushen?" Dattijon ya ce, "Ɗana, ai aikinmu guda da shi. Ran da na fara tari, ni ma buhu za ku sa ni?" Muka yi dariya, irin dariyar da mutum ke yi in magana ta taɓa shi.

Wannan rubutu a kan abin da muka yi ne a wannan dakalin, domin abin da muke yi ke nan a kowace unguwa daga Badariya zuwa Gesse, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu. Muna cin amfanin kare muna musun mallakarsa. In yana da lafiya namu ne, in ya kwanta ciwo ko ya ciji ɗan maƙwabci sai ya zama na Allah. Muna ganin wannan hali rashin amana ne, kuma rashin dabara ne, domin cutar da muka ƙi magancewa a jikin kare tana da hanyar dawowa gidajenmu.

Bari mu fara da ciwon Duna. Akwai wani matashin likitan dabbobi a unguwar da ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Dattijon ya roƙe shi, ya zo ya ɗebi jinin karen, ya duba a madubin likita, ya ga ƙananan tsutsotsi suna mutsu-mutsu a cikin ɗigon jini. Tsutsar zuciya ce, wadda masana ke kira Dirofilaria immitis. Sauro ke ɗauko 'ya'yanta daga jinin kare mai ita, su ɗan girma a cikinsa, sannan ya zuba su a jikin wani karen idan ya cije shi. Cikin wata 6 zuwa 7 sukan girma su tare a jijiyoyin da ke kai jini huhu da kuma ɓangaren dama na zuciya. Ta macen takan kai tsawon santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta, kuma tana iya rayuwa shekara 5 zuwa 7 a cikin kare. In sun yi yawa sai su toshe hanyar jini, zuciya ta riƙa aiki fiye da ƙarfinta, ruwa ya taru a ciki. Tarin nan da kumburin nan da muka riƙa cewa sammu ne ko guba, ga asalinsu.

Kare ba ya shafa wa kare wannan cuta ta hanyar cin abinci tare, ba ya kuma shafa wa mutum ta hanyar taɓawa. Dole sai da sauro a tsakani, mu kuwa sauro ba baƙonmu ba ne. Muna zaune a kwarin gulbin Rima, fadama tana kewaye da mu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, noman rani ya ƙara faɗi, ruwa yana kwance a gonaki rani da damina. Shinkafar arziki ce, muna kuma godiya da ita. Sai dai mu muna shiga gidan sauro da dare, karen da ke tsaron injin ban-ruwa da buhunan shanshera kuwa a fili yake kwana. Ciwon da ya kama Duna a bakin aikinmu ya same shi.

Maganin tsutsar zuciya yana da wuya, kuma wuyarsa ita ce ta sa muka ɗauki wannan labari. A ƙasashen da ke da hali, akan ba kare ƙwayar doksisaikilin tsawon mako huɗu don ta kashe wata ƙwayar cuta da tsutsar ke rayuwa da ita, sannan a yi masa allurar melasomin sau uku: ɗaya da farko, sai bayan wata guda a yi biyu a jere, kwana ɗaya tsakaninsu. Likitanmu bai samu wannan allura ba, sai ya bi hanya mai tsawo: doksisaikilin ɗin, da ɗan ƙaramin awo na maganin tsutsar nan da makiyaya suka sani da Ivomec, duk wata. Wannan hanya tana iya cin shekara ko fiye. Ya kuma ja mana kunne cewa kada wani ya ji suna ya je kasuwa ya sayo ya danna wa karensa awon da ake yi wa sa, don yana iya kashe shi nan take.

Kowace hanya aka bi, sharaɗi ɗaya ne ba ya canzawa: kare ya zauna wuri ɗaya. In tsutsotsin suka fara mutuwa sukan farfashe, jini ya kwashe gutsattsarinsu zuwa huhu. In karen ya yi gudu zuciyarsa ta buga da ƙarfi, gutsattsarin na iya toshe jijiya ya faɗi matacce. Ke nan magani kaɗai ba ya warkar da shi, sai an sami mutum da zai tsare shi makonni da watanni, ya ba shi abinci, ya fita da shi a igiya a hankali, ya dawo da shi. Dattijon nan shi ya yi wannan. Ya kewaye wani lungu na kangon da tsofaffin bulo, ya rataya yagaggen gidan sauro, ya riƙa raba tuwon da ake aiko masa biyu. Kuɗin maganin kuwa mu na dakali muka haɗa, kunya ce ta sa mu, ba za mu yi ƙaryar tausayi ba.

Da mai kangon ya tashi ci gaba da gini, sai aka rasa inda za a kai Duna, ga shi bai gama warkewa ba. Wani ƙanen dattijon da ke noman shinkafa a Argungu ya zo ziyara, ya ga karen, ya ji dukkan sharuɗɗan: ba gudu, ba farauta, magani duk wata, a koma wurin likita a sake duba jini. Ya ce ya ji ya gani. Ya ɗauke shi a bayan a-kori-kura, suka bi hanyar Ambursa suka tafi. Ya karɓi kare marar lafiya da ba zai yi masa aikin komai ba na tsawon watanni, alhali ɗan kwikwiyo kyauta ake bayarwa a kowane ƙauye.

Mun san abin da mai karatu zai ce, domin mu ma mun faɗe shi. Na farko, za a ce kare najasa ne, Musulmi ba ruwansa da shi. To mu koma zaure mu buɗe littattafan da iyayenmu suka karanta. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta wannan ƙasa tun kafin jihadi, duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa da guminsa, kuma Muhtasar na Shehu Halil bai cire kare ba. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta, malamanmu sun ɗauke shi bin umarni ne, ba hujjar cewa jikin karen ƙazanta ne ba. An ma ruwaito Imamu Malik yana mamakin yadda za a halatta cin abin da kare ya kamo da bakinsa sannan a ƙyamaci yawunsa. Wasu mazhabobin suna da wani ra'ayi, muna kuma girmama su. Amma ko wanda ya ɗauki kare najasa, hukuncin da ke kansa shi ne ya wanke inda yawun ya taɓa. Ba mu san littafin da ya ce ya ɗauki dutse ba.

Gaskiya ne hadisi ya yi gargaɗi cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kowace rana. Ba mu zo musun wannan ba. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo wannan hani a littafinsa. Amma masu sharhin Risalar sun ba da labarin cewa da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, shi da kansa ya ajiye kare. Da aka tuna masa ra'ayin Malik, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, da zaki zai ajiye. Mu da muka ji abin da ya faru a Mera ta ƙaramar hukumar Augie cikin Nuwamban 2024, mun san irin zamanin da yake nufi. A Risalar nan dai aka ce wanda ya kashe karen da shari'a ta yarda a ajiye, sai ya biya ƙimarsa. Ke nan fiƙihunmu ya san kare da mai shi, ya san shi da daraja.

Batu a nan ma ya wuce na halaccin ajiyewa. Alhajin layinmu ya riga ya ajiye, ya ci moriyar shekara biyar. Abin tambaya shi ne me ke kan wanda ya ajiye. Ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita a fiƙihunmu. Kowane ɗan Islamiyya ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi aka gafarta masa. Muna jin waɗannan a wa'azi muna girgiza kai, mu fito masallaci mu ga yara sun ɗaura wa kwikwiyo igiya a wuya suna jan sa a kan kwalta, mu wuce. Karen da ke cikin hadisi muna tausaya masa, na ƙofar gidanmu kuwa ko kallo bai ishe mu ba.

Harshenmu ma yana tona mu. In za mu zagi mutum mu ce ɗan kare. Yaron da ke wahala a bayan babbar mota karen mota ne, ɗan bangar siyasa karen farauta ne. Amma in muna neman misalin gwaninta sai mu ce karen bana shi ke maganin zomon bana, in an wawure dukiya ba mai bin sawu mu ce ba kare bin damo. Mun san aikinsa sarai, har mun auna rashin bin diddigi da rashinsa. Ƙyamar da muke nunawa ta fi kama da dabarar wanda ba ya son biyan lada: ka rena ma'aikaci don kada a ce ka ba shi haƙƙinsa.

Na biyu, za a ce mutane ma ba su samu magani ba, ana zancen kare. Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi mata dariya ba. Mun san gidajen da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara uku a mako guda, mun san matan da ke haihuwa a kan hanyar asibiti. Da zaɓi ne tsakanin yaro da kare, ba mai hankalin da zai tsaya tunani. Sai dai a layinmu ba wannan zaɓi aka yi ba. Gidan da ya yar da Duna gida ne da ake kiran likita in ragon layya ya ƙi cin dusa. Mun ga yadda ake yi wa dokin sallah wanka da sabulu, a ba shi kanwa da gero, a kira mai magani tsakar dare in cikinsa ya ɗaure. Ba talauci ya hana ba. Mai gadin kango, wanda ya fi kowa talauci a layin, shi ya raba tuwonsa.

Sannan lafiyar kare da lafiyar yaro a haɗe suke, kuma ciwon haukan kare shi ne shaida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga cizon kare suke samunsa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita, sai dai a yi addu'a. Karen da ke cizon yaran nan, yawanci shi ne wanda aka ce ba na kowa ba ne: wanda aka yar a fadama, ya haɗu da wasu irinsa a juji da bayan mahauta, ba mai ciyar da shi, ba mai yi masa allura, ba wanda za a tambaya in ya yi ɓarna.

Abin takaici, maganin wannan sananne ne tun tuni. Louis Pasteur ya yi wa mutum na farko allurar rigakafinsa a Faransa a 1885. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura aka ɗore a kai, ciwon yakan yanke. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta raba mutanenta da haukan da ake samu daga kare. Kuɗin yi wa kare ɗaya allura bai kama ƙafar kuɗin jerin alluran da ake yi wa mutum ɗaya da aka ciza ba. Amma ba a yi wa kare allura sai an kama shi, ba a kama shi sai da wanda ya yarda da shi. Duk karen da muka musanta, mun cire shi daga lissafin kashi 70 ɗin nan da hannunmu.

Mu kuwa me muke yi? In kare ya ciji yaro sai samari su bi shi da sanduna su kashe, wani ya ce a ƙona gashinsa a shafa a ciwon, shi ke nan an huce. Abin da ya kamata shi ne a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, karen kuma in ya yiwu a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi ya lura da shi. In hukuma ta motsa kuwa, sau da yawa guba ake tunani ko harbi. An gwada wannan a ƙasashe da dama bai yi ba, domin juji yana nan, wasu karnukan za su zo su cike gurbin, su ma ba allura.

Akwai kuma wata ƙofa da muke fitar da karnukanmu ta cikinta ba ma son a ambata. Fatake suna zagaya ƙauyukan Arewa suna sayen karnuka, a cusa su a keji a kai kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, daga can wasu su wuce Kudu. Ba mu zo zagin abincin kowa ba. Abin da muke cewa shi ne mai sayarwar namu ne, shi ne kuma mutumin da zai ce maka bai taɓa kare don tsarki, alhali Risalar da yake ji da ita ta kawo hani a kan cinikin karnuka. Tsohon kare, da marar lafiya, da wanda ya fara canza hali, su ake fara miƙa wa fatake. Masu bincike sun sha samun ƙwayar cutar hauka a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a irin waɗannan kasuwanni. Wato mukan ɗora ciwonmu a mota mu aika wa wasu, mu karɓi canji.

Na uku, za a ce wannan aikin Turawa ne, su da ke kwana da kare a gado suna sumbatar bakinsa. Mu ma ba wannan muke kira a yi ba. Kare ya zauna a waje, a ƙofar gida ko a gona ko a garke, inda aikinsa yake. Gaskiya ne a Amurka akwai tsari na musamman: ƙungiyoyi su tsinto karen da aka yar, wani gida ya riƙe shi har ya gama shan magani, sannan wani gidan ya ɗauke shi dindindin. Bayan guguwar Katrina ta 2005 an tsamo dubban karnuka a yankin New Orleans, da yawansu da tsutsar zuciya, aka rarraba su gidaje a faɗin ƙasar. Amma wa ya ce mu sai an koya mana riƙo? Mu ne masu ɗan riƙo, yaro ya tashi a gidan gwaggo ko kawu ba a bambanta shi da 'ya'yan gida. Mu ne masu ba tsohuwa akuya kiwo a raba 'ya'ya. Maƙwabtanmu Fulani suna da haɓɓanaye, inda mai shanu ke ba wanda ya rasa aron saniya har ta haihu, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Dattijon kango da ƙanensa ba su taɓa jin labarin wata ƙungiyar Amurka ba. Abin da suka gada suka yi, sai dai sun shigar da kare cikinsa.

Mutanen Argungu ma sun fi kowa sanin cewa halitta tana bukatar doka da mai tsaron dokar. Gulbin Matan Fada ba a shigarsa da koma yadda aka ga dama. Akwai lokacin da ake rufe shi, akwai Sarkin Ruwa da ke lura, shi ya sa ake samun giwan ruwan da duniya ke zuwa kallo tun bikin 1934, har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon ɗan'adam a 2016. Al'ummar da ta iya haƙura da kifi watanni don ya girma ba za ta kasa tsara yadda za a yi da karnukan garinta ba.

Ga abin da muke nema, kuma ba mai tsada ba ne. Duk wanda kare ke kwana a ƙofarsa yana ba shi ragowar tuwo, ya amsa cewa nasa ne, ya kai shi allurar hauka duk shekara, ya tambayi likita maganin da ke hana tsutsar zuciya kafin ta kama. In karen layi ne, 'yan layin su haɗa kuɗin kamar yadda suke haɗa na 'yan sintiri da na gyaran taransifoma. In ya kwanta ciwo a nemi likita kafin a nemi buhu. Wanda ba zai iya jinya ba ya nemi wanda zai riƙa, in kuma likita ya ce ba sauran fata, a sawwaƙe masa ta hanya mafi sauƙi, kada a bar shi ya ruɓe a juji.

Masu unguwanni da hakimai a masarautun Gwandu da Argungu sun san gidan kowa. Sarakunan mafarauta sun san kowane kare da ke fita daji da rani, makiyaya sun san nasu. In ma'aikatan lafiyar dabbobi na jiha suka bi ta hannun waɗannan, kamar yadda aka bi ta hannun sarakuna a yaƙi da shan-inna, ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da haukan kare za ta wuce taron jawabi a ɗakin taro. Malamai kuwa muna roƙonsu, in sun kawo hadisin raguwar lada, su haɗa da na mai takalmi a majalisi ɗaya, su kuma faɗa wa yara ƙarara cewa jifan kare zalunci ne. Yaron da ya saba jifan abin da ba ya iya kai ƙara, hannunsa ba a kan kare zai tsaya ba.

Mun je Argungu da kaka mun ga Duna. Yana ɗaure da doguwar igiya a gindin wata bishiyar mangwaro a bakin gona, ya yi ƙiba, tarin ya ragu sai jefi-jefi. Likita ya ce a sake duba jininsa bayan wasu watanni kafin a sake shi ya yi gudu. Manomin ya ce tun da karen ya zo, ko a ɗaure, ba a sake kwance masa injin ban-ruwa ba. Muka tambaye shi cikin raha karen wane ne, ya dube mu kamar mun yi tambayar wauta ya ce, "Nawa ne mana."

Da muka dawo gida, mun tarar an kawo sabon kwikwiyo ja a ƙofar gida mai jan get. Yara suna ta wasa da shi, an ce na Alhaji ne. Magariba ta yi, sauro ya taso daga fadama kamar kullum. Gobe da safe biyu daga cikinmu za su shiga wurin Alhaji su gaishe shi, da lambar likitan dabbobi a rubuce a takarda.